Yaron Garmaho

Ni ne yaron da ke wana garmaho
a kulob ɗin Turawa, can bayan gari,
shekarar da Rima ta cinye gonar babana.
Ladana sule biyu da ragowar burodi.
Aikina in wana, in sauya allura,
in jingina da bango kamar tsintsiya.

Daren Asabar sukan janye tebura,
su ja sahu biyu suna fuskantar juna,
maza nan, mata can.
Na ce a raina, wace irin salla ce wagga,
liman a gefe, ba a san alƙibla ba?
Limamin nasu likitan dabbobi ne
mai jan wuya kamar talotalo,
shi ka faɗi, su ka bi:
gaba huɗu, baya huɗu,
kama hannu, zagaya, saki, wuce.

Ba kalangu, ba guɗa, ba mai liƙi,
sai wani goge cikin akwati, siriri kamar kukan sauro.
Gumi na zuba,
bazarar Sakkwato ba ta san baƙo ba.
A hankali na gane abin da nake kallo:
biyun farko su ratsa tsakiya su faɗa ƙarshe
kamar ƙoshiya a masaƙar kawuna Jabbi,
na gaba ɗazu, yanzu shi ne na baya.
Babban joji riƙe da hannun matar akawu,
muddin faifai na juyawa ba wanda ya fi wani.
In ya tsaya kuwa,
kowa ya tuna kujerarsa.

Ran nan zazzaɓi ya kwantar da mutum guda,
sahu ya yi giɓi kamar bakin tsohuwa.
Uwargidan injiniyan ruwa ta waigo,
ta miƙo hannu.
Na duba bayana, bango ne.
Ƙafata ba takalmi, siminti da santsi,
amma wata bakwai ina ƙirge a zuci,
ban kuskure ko taku ɗaya ba.
Na ratsa tsakiya, iska na shiga rigata,
sai garmaho ya fara jan murya
kamar mai gyangyaɗi,
ashe mai wana shi na tsakiyar fage.
Goge ya mutu. Aka tuntsire da dariya.
Na koma bangona.
Ba a sake rashin mutum ba.

Yau ga ni a Rijiyar Ɗorawa,
an raɗa wa tattaɓa-kunnena suna,
baƙi sun watse, an kife tukwane,
yara na faɗa a kan wutsiyar rago.
Na buga sandata: ku jeru nan!
Ige, ke can. Maidamma, fuskance ta.
Tumba ta leƙo daga madafa,
"Tsoho, hauka bayan furfura?"
Ta faɗa dai, amma ta jawo ƙwarya,
ta kife a ruwa, ta soma bugu.

Gaba huɗu, baya huɗu.
Ige ta ƙara tafi irin na gaɗa,
Maidamma ya karya kafaɗa, ya tirje,
ƙura ta tashi inda da siminti ne.
Likitan dabbobi ba zai gane ta ba,
ni ma da ƙyar.
Gwiwata ta ƙi, bakina ke rawar.

Na ƙirga: su bakwai ne, da sauran guda.
Can bakin zaure ɗan mai ga-ruwa,
ya aje garwa, yana jiran kuɗin ubansa,
yatsun ƙafarsa na ƙirga huɗu cikin yashi.
Na miƙa masa hannu.
Ya duba bayansa.

"Kai nake nufi," na ce.
"Shigo. Ƙwaryar ga ba ta buƙatar mai wanawa."