Ƙulli Marar Baki

A Misau, bayan kasuwar awaki,
akwai wani zaure da ya ƙi faɗuwa.
Damina saba'in ta lashe shi, ta bar masa fuska.
Kakana Gwadabe ne ya yaɓe shi
da jar ƙasa da makuba da ɗan yatsa,
wata Laraba, yana azumi, bai ce wa kowa uffan ba.

Ni jikansa ne, mai fenti a bakin tasha.
Nakan rubuta "Sai Haƙuri" a bayan tirela,
in zana kaza a shagon mai ƙwai.
Kazata kaza ce, a gani a wuce.
Nasa zanen ba ya barin ido ya koma gida.

Ga dagi a goshin ƙofa,
igiya ɗaya tana farautar kanta,
ta shiga, ta fita, ba kai ba wutsiya.
Ga gida tara cikin murabba'i,
takwas da ɗigo,
na tsakiya fayau kamar rijiyar bazara.
Ga wata a kife, ga tsuntsu ba ido,
ga tsani da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Unguwa ta rabu a kan bangon nan.
Masu zikirin daren Juma'a suka ce nasu ne:
gida takwas su ne a zaune gwiwa da gwiwa,
tsakiyar kuwa Sunan da ba a ɗora wa laka.
Tsohuwa Tasalla, wadda ta tuba da girka tun tuni,
ta tsaya har inuwa ta juya,
ta ce, "Tsuntsun nan na san mai shi,"
ta ja mayafi, ba ta sake bin layin ba.
Mai bugun ƙasa ya ƙirga ɗigon sau biyu,
ya karkaɗe tafinsa, ya mayar da kuɗin duba.
Wasu samari suka zo da farar ƙasa a bokiti,
suka shafe, suka yi kabbara.
Ruwan farko ya wanke musu aiki.

Ina yaro na tambaye shi,
yana ɓare goro da farcen da laka ta cinye:
"Kaka, me yake nufi?"
Ya ce, "Da baki zai iya faɗa,
da ban wahalar da hannu ba."
"To gidan tsakiyar fa, mantuwa ka yi?"
Ya daɗe yana tauna.
"Magini," in ji shi, "yakan bar wa mai gida ɗaki."

Bara wani attajiri ya kira ni Gombe,
yana son zanen a bangon masaukin baƙinsa.
Na auna da magwaji, na ja layi da zare,
shuɗi da ruwan zinare, ko ɗigo ban ci ba.
Ya duba, ya ce wurin nan ya yi asara,
sai na cike tsakiyar da lambar wayarsa.
Ya biya har da na mota.
Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau,
irin kyan rago a hannun mahauci.

Daren da na dawo ban shiga gida ba.
Na tsaya a zauren, na taka turmi,
na sa yatsana a kwarin da nasa ya bari,
na bi igiyar,
ta shiga na shiga, ta fita na fita.
Karnuka suka gaji, wutar mai shayi ta mutu,
sai na ji leɓena yana motsi
da abin da ban taɓa koya masa ba.
Har ladan ya yi gyaran murya
ban tarar da bakin ƙullin ba.

Da gari ya waye na lura da wani abu.
Zanzaro ya yi gini ko'ina a bangon,
kan tsani, kan wata, cikin fiffiken tsuntsu,
gida takwas duk ya kama haya.
Na tsakiya kaɗai ya kewaye.