Sa Hannu

Gini ya tsaya a linta, bayan Ƙofar Ƙaura.
Banki ya ce kashi na biyu
sai da shaidar kare muhalli.

Injiniya Barmo ya zo ran Talata,
ya auna taga, ya ce ta yi wa iska rowa.
Ya ƙirga dashen mangwaro: huɗu. Takarda ta ce shida.
Akuya ta riga shi ƙirgawa.

Sai wata mai kamawa, in ji shi.

Siminti ya daskare a buhu.
Gide birkila ya tafi Jibiya da cokalinsa.
Ruwa biyu ke dukana,
na sama da na banki;
na saman ne kaɗai ke tsagaitawa.

Jiya na tarar tattabaru
sun tare a ɗakin Turai,
ba sa hannun kowa.