Baduku da Fatarsa

Shekara talatin ina yankan fata a Madunka,
ta jar akuya, ta tunkiya, ta ɗan maraƙi,
ba wadda ta taɓa yi mini gardama,
sai bana, da aka zo kan tawa fata.

Daga tsakanin yatsu abin ya faro,
ɗan ja kamar cizon cinnaka.
Na sosa, na manta, na ci gaba da ɗinki.
Kafin Juma'a ta zagayo ya haura wuyan hannu,
ƙananan ƙuraje masu ruwa sun ja sahu.
Dare ya raba, unguwa ta yi tsit,
ni da farcena muna aikin da ba lada,
Tumba na juyi tana cewa, "Malam, bar ni in huta."

Ta ce wake ne, na bar wake.
Ta ce kifin Kwalkwalawa ne, na bar kifi.
Yayata ta ce zafin bazara ne, zufa ce ta kwanta.
Na shafa man kaɗe, na yi wanka da ganyen dogon yaro,
na sauya sabulu sau huɗu.
Hannu ya tsage kamar fadama bayan janyewar ruwa,
ko alwala sai na cije leɓe, kamar na taɓa wuta.

Nomau mai shayi ya sunkuyo ya yi mini raɗa:
"Wanga ba ciwo ba na, hannu anka sa maka.
Duba wa ka kallon rumfarka."
Na duba, sai ga Labbo, maƙwabcina.
Kwana tara ban amsa sallamarsa ba.
Allah ya yafe mini wannan wauta.

Sai rasuwa ta kai ni Wurno.
Kwana goma ina zaman makoki,
ba wuƙa, ba rini, ba gwangwanin gam,
sai carbi da gaisuwa.
Na duba hannu ranar da zan dawo:
ya bushe, ya lafa, har sabuwar fata ta fara leƙowa.
Na koma rumfa da murna, na buɗe gwangwani,
kafin la'asar yatsuna sun gane tsohuwar hanya,
susa ta dawo da ƙawayenta.

A asibiti likita ba ta yi gaggawa ba.
Ta tambayi abin da nake taɓawa tun daga asuba,
ta manna mini 'yan filasta a gadon baya,
ta ce kwana biyu kada ruwa ya taɓa su.
A Sakkwato! A wannan wata!

Da ta ɓamɓare, wuri uku sun yi ja:
gam ɗin kanti,
baƙin rinin kwalba,
da farin ƙarfen da nake sa wa bakin jaka.
Na ce, "Ai na shekara bakwai ina aiki da su."
Ta ce, "Jiki yana haƙuri, amma yana ƙirga.
Ranar da ya ƙi abu, ya ƙi ke nan,
ko ɗigo ya gani sai ya tuna.
Ba a ɗauka, ba a sa wa mutum.
Labbo zai dama gam ɗin nan da hannu ya kwana lafiya,
kowace fata da abin da ba ta so a kusanta."

Yanzu na koma inda babana ya tsaya:
jimar bagaruwa, jan karan dafi,
basilla da zare maimakon manni.
Jakar da nake gamawa a wuni tana cin kwana uku,
ciniki ya ragu, barci ya ƙaru,
Tumba ta dawo da wake cikin tukunyarta.

Labbo kuwa na ɗinka masa takalmi na kai da kaina.
Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Na mine ne?"
Na ce, "Ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya."
Ya yi dariya, bai nemi ƙarin bayani ba,
ya miƙo hannu, na ba shi nawa,
karon farko ban ɓoye shi a cikin rigata ba.