Abin da Faifai Ya Riƙe

A shataletalen Gawon Nama ta fara.
Na taka burki, sitiyari ya kama ɓari
kamar mai zazzaɓin damina,
feda tana bugun tafin ƙafata,
ɗas, ɗas, ɗas,
sai ka ce akwai zuciya a ƙarƙashinta.

Motar Baba ce.
Shekara tara yana jan ta tsakanin Arkilla da Boɗinga,
ko tari ba ta taɓa yi masa ba.
Ranar da ya kwanta ya miƙo mini makulli.
Wata bakwai ke nan.

Malam Cika na Gidan Dare bai tambaye ni komai ba.
Ya kafa jak, ya kwance taya,
ya bi faifan burki da ɗan yatsa
yadda mai awo ke share bakin tiya.
Ya ce, "Ɗiyar Modi, matso ki gani.
Kowa ya zo sai ya ce faifai ya lanƙwashe.
Wani sa'in tsatsa ta, ta kwanta bayanai ta karkata shi.
Wani sa'in yaro na, ya ɗaure noti guda kamar da gayya,
ya bar huɗu sakwa-sakwa.
Ko a faɗa kududdufi ƙarfe na huci.
Naki ba ko ɗaya ciki."

Ya juya shi wajen rana.
Shuɗi-shuɗi, irin na ƙarfen da ya kwana a maƙera,
a gefe guda kuma ga shacin takalmin burki
kamar sawun akuya a ɗanyen siminti.

"Ga inda kinka tsaya.
Kin taho da gudu, kin danne, kin tsaya cak,
kuma ba ki ɗaga ba.
Ƙarfe na wuta, takalmi ya bar fatatai nan.
Tudun bai kai kaurin gashi ba,
amma kowane juyi sai an yi tuntuɓe da shi,
shi na kike ji har kafaɗa.

Babanki tun daga nesa shika hango danja.
Ya saki totur, ya sauke giya,
inji ya yi rabin aikin,
burki ya zo ƙarshe kamar sallama.
Bai bin gindin tirela.
Takalmi guda sai ya shekara ukku,
har nikan ce mai zai kashe man kasuwa.
Ke ko totur da burki
kin maishe su taɓare biyu turmi guda,
lugude kikai."

Ban ce masa komai ba.
Na san ranar.
Laraba ce, na baro Kwannawa,
Yaya Haliru ya kira ya ce in zo asibiti,
ya ce kada in yi gudu,
na kuwa yi.
Tirelar siminti ta ja burki a gabana, na danne.
Wayar ta sake ƙara.
Wannan karon bai ce in zo ba.
Tirela ta tafi, masu keke suna ta oda a bayana,
ƙafata tana nan,
kamar in na ɗaga ta maganar za ta tabbata.

"Ana iya goge shi ga inji," in ji Malam Cika,
"ko a sa sabo.
Ƙafa dai ba a saida ta shago."

Na ce ya sa sabo, ya ba ni tsohon.
Ya dube ni, ya naɗe shi a takardar siminti,
bai ƙara kalma ba.

Da yamma na kamo hanyar gida.
Tun daga nesa na hango danja,
na janye ƙafa,
motar ta tafi da kanta, a hankali,
da irin tafiyar da ta sani tun kafin ni.
Fili ya buɗe a gabana,
wani ɗan kabu-kabu ya kutsa ciki da buhun albasa.
Na bar masa.