Ruwa Ba Ya Zuwa Meri

Da masu hanya suka iso Pitowa
suka haƙa lambatu tsakanina da kwalta,
na wayi gari gidana ya koma tsibiri.
Amalanke a ciki, kasuwa a waje,
shanuna biyu suna kallon rami suna tuƙa.

Da katako uku na tsallake rani.
Njidda magini ya ce, bututu biyu, siminti buhu shida,
kwana uku ka taka abinka.
Na ce bismilla. Jauro ya ce dakata,
bakin hanya ba gadon gidanku ba ne,
sai da takardar meri.

A meri akwai benci mai ƙafa uku da bulo.
Na san shi yanzu kamar tabarmar ɗakina.
Litinin, kawo tambur.
Laraba, kawo zane da faɗin bakin bututu.
Wata Larabar mai sa hannu ya tafi Garwa ta'aziyya.
Jaka huɗu ta fita, ban ga ko tsakuwa ba.

Sai ga Musyo Dawai a kan babur,
tef a aljihu, biro a bayan kunne.
Ya dira cikin ramin da takalminsa na ofis,
ya auna, ya rubuta, ya sake aunawa.
Santi sittin, in ji shi, ko yatsa kar ya ragu,
kuma bakin ya bi inda ruwa ke son bi.
Na ce maƙwabcina Nomau talatin ya sa,
cikin dare, ba tambur, ba zaman benci.
Ya ce, bar shi, Agusta za ta duba masa takardu.

Har ya tada babur ya hangi akwatin.

Babana Maikano ya kafa shi a bakin hanya
shekarar da ya bar aikin jirgin ƙasa a Ngaundere.
Wani direba, abokinsa, kan jefa masa wasiƙa in ya wuce.
Ta fansho yake jira.
Shekara goma sha ɗaya ke nan ba abin da ya shiga ciki
sai zanzaro da iyalinsa.

Dawai ya ja tef. Ya matse hanya, ya ce,
a ja shi baya taku biyu.
Na ce mai shi ya riga mu gidan gaskiya.
Ya cire hula, ya ce Allah ya jiƙansa.
Ya mayar da hula. Taku biyu.

Da la'asar na tumɓuke shi.
Ƙarfen ya fito da ƙyar, kamar turmin haƙori,
zanzaro ya biya ni ladan aiki a gefen wuya.

Agusta ta zo bayan isha'i.
Ruwa ya gangaro daga duwatsu, ja wur,
bai biya ta meri ba.
Bututun Nomau ya shaƙe da leda da karan dawa,
ruwan ya juyo ya shiga zaurensa,
ya jiƙa gyaɗa buhu tara.
Katakona uku suka kama hanyar Binuwai.
Da asuba muka tsaya, kowa a ƙofarsa,
wando a naɗe zuwa gwiwa,
ba mai bakin yi wa wani dariya.

Bayan mako guda Hajjo ta ce,
wani mai babur ya taɓa akwatin Baba.
Na buɗe da tsinken kara, ina tsoron masu gida.
Takarda ce, hatimi biyu shuɗi,
sunana da harafi ɗaya a karkace.
Izini.
Na daɗe a tsaye ina riƙe da ita.
Baba ya buɗe wannan murfi kowace safiya
har ƙafa ta daina kai shi.

Njidda ya zo jiya, ya ce siminti ya hau.
Yau yana cikin rami, laka har ƙugu.
Nomau ne ke riƙe masa bakin tef,
yana tambayata a hankali
wace rana mai sa hannu ke zama.