Giɓi

Ƙarfe ɗayan dare a Samaru,
janaretan mai shayi kaɗai ke tari.
Ni da kwamfutar aro
muna cigiyar wata mata.

Kubura Tanimu Gyallesu.
Da hantsi ta tsaya a asibitin Tudun Jukun
da goyo mai zafin jiki,
na'ura ta ce babu ita.
Ga ta tsaye, ga kati a hannunta,
na'ura ta ce babu ita.

Ni na gina shafin, don haka ni aka kira.

Na bi sunan baƙi da wasali
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
ban ga inda ya kauce ba.
Sai can a wutsiya
na kama abin da ba shi da kama:
babban yatsan Lawandi akawu
ya taɓa dogon maɓalli sau ɗaya,
ya bar giɓi.
Ido bai ƙirga shi ba, na'ura ta ƙirga.

Cikin haushi na rubuta layi guda:
duk inda ka ga fili, share!
Kamar liman ya ce a toshe sahu.
Na danna.

Sunaye dubu uku suka manne
kamar fasinjojin bas ɗin Sabon Gari ran ruwa.
KuburaTanimuGyallesu.
Ba a san inda 'ya ta ƙare uba ya soma ba,
ba a raba uba da unguwa.
Na karanta a fili, numfashi ya yanke mini.

Sai na tuna kakata tana shukar gyaɗa a Bomo,
taki ɗaya, rami, taki ɗaya, rami.
Na tuna wushiryar Saude
wadda ba zan yarda a cike ba ko da zinariya.

Allah ya so na ajiye kwafi.
Na mayar, na sassauta umarni:
datse na gaba, datse na baya,
na tsakiya in sun yi biyu mai da su ɗaya,
ka bar suna ya sha iska.
Lambar waya kuwa matse ta tsam,
ita ba ta numfashi.

Na sake buga sunan.
Ta fito: shekara ashirin da shida,
ɗa namiji, wata tara,
saura allura guda.

Mai shayi ya kashe injinsa.
Na zauna cikin shirun da ya bari,
ban san ko zazzaɓin ya sauka ba.