Rarar Dala Dubu Goma Sha Uku

Likita a Swift Current ya nuna allo ya ce,
"Orvil, karanta mini layi na biyar."
Na ga tururuwa a jere.
Nan tuƙina ya ƙare.

Shekara talatin da ɗaya muna tare,
ɗan jirgi ruwan ɗorawa, kujera biyu,
ya san gonar alkamar kowa daga nan har bakin kogi.
Jikata Danika ta ɗauke shi hoto ta fuska huɗu,
ta sa a intanet: dala dubu arba'in da takwas.

Kwana biyu sai ga saƙo.
Wani Prescott Vane, wai yana tsakiyar teku
wajen haƙar mai, inda waya ba ta shiga.
Bai ce in rage masa ba.
Bai tambayi awa nawa injin ya yi ba,
bai nemi kundin gyara ba,
bai ce ina tsatsa ta fara ci ba.
Ya dai ce ya saya.

Caki ya iso ranar Talata cikin ambulan mai kauri:
dubu sittin da ɗaya.
Na goge tabarau, na sake dubawa.
Da yamma bayani ya biyo baya:
"Kuskuren akawuna ne, ka gafarce ni.
Tura rarar ga mai jigila yau-yau ɗin nan,
ka riƙe ɗari biyar ladan wahala.
Na yarda da kai, da gani kai mutumin kirki ne."

Ba zan ɓoye ba, kalmar ta ratsa ni.
Tun rasuwar Halyna
ba wanda ya ce da ni haka.

Na sa caki a banki. Washegari lamba ta hau.
Na koma da takardar turawa a aljihun riga,
dusar ƙanƙara har gwiwa.
Marlys da ke kanta ta karanta, ta ajiye biro.
Ta ce, "Lambar nan baƙuwa ce, Orvil,
aronta muka ba ka kafin takarda ta tabbata.
Mako biyu, mako uku, in ta dawo ta jabu,
lamba ta tashi kamar raɓa.
Wanda ka tura da hannunka kuwa na guminka ne,
shi ba ya sanin hanyar gida."

Ruwa ba ya tsami banza.
Da dare na zauna a rumfar jirgi, hita na huci,
na rubuta masa da yatsa ɗaya:
"Na manta ban faɗa ba.
Fiffiken hagu ya karye bara,
injin kuma ɓeraye sun haihu a ciki."

Minti huɗu.
"Ba komai, aboki. Ka tura kuɗin?"

Na yi dariya har sai da na yi tari.
Daga nan kuma na yi shiru,
na ɗora tafin hannu a kan farfela
kamar mai ba ta haƙuri.

Da ƙanƙara ta narke wata ta zo a akori-kura,
Tannis Desjarlais, daga arewa.
Ta kwanta a kan siminti mai sanyi, tocila a baki,
ta ci awa biyu a kan kundin gyara,
ta gano ɗigon mai da ni ma ban sani ba,
ta zabge mini dubu uku ba ko murmushi.
Na ji daɗin cinikin nan har raina.
Banki ya biya banki, Marlys ta ce ya zauna daram,
sannan na miƙa makulli.

Ban ga tashinsa sosai ba.
Ƙararsa na bi da kunne har ta shige gabas.

Cakin Prescott ya dawo da jan hatimi.
Na ninke shi huɗu,
yana ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburina.
A nan dai ya yi amfani.